Dashen Haƙori: Abin da Mai Giɓi Zai Tarar Kafin Ya Koma Tauna

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

 Yau zancenmu na masu giɓi ne. Wani babur ne ya kayar da shi, haƙoran gaba biyu suka tafi. Wata turminta ne ya ruɓe, ta yi ta danna masa kanumfari har ranar da ciwo ya kai ta asibiti aka cire shi. Wani kuma dattijo ne da ciwon dasashi ya girgiɗe masa haƙora suna zuba ɗaya bayan ɗaya. Duk waɗannan, in sun je wurin likitan haƙori suna neman a cike musu gurbi, yanzu sukan ji an ambaci dashen haƙori. To mene ne shi, kuma me mutum zai tarar idan ya ce ya yarda a yi masa?

Bari mu fara raba shi da abubuwan da ido ya saba gani. Haƙorin Makka da alhazai kan dawo da shi, galibi hula ce ta zinariya ko azurfa da ake kifa wa haƙorin da yake nan da ransa. Haƙorin roba, wanda ake cirewa da dare a jefa a kofi, a kan dasashi yake zaune, bai shiga ƙashi ba. Akwai kuma wanda likitoci ke kira gada, inda ake fere haƙoran da ke dama da hagu da giɓin, a ɗora sabon haƙori a jikinsu. Dashe ya sha bamban da duka ukun, domin shi saiwa ake sake yi wa haƙori. Wata 'yar ƙusa ce mai murɗi, ta ƙarfen taitaniyam, kaurinta bai cika wuce milimita 4 ko 5 ba, tsawonta kuma wajen milimita 10, gwargwadon ƙashin mutum. Ita ake murɗawa cikin ƙashin muƙamuƙi. Daga baya a ɗaura mata wuya, a kan wuyan kuma a zaunar da haƙorin tangaran wanda mutane za su gani idan ka yi dariya. Kashi uku ke nan, kuma ku riƙe wannan lissafi, domin zai yi mana amfani idan mun zo maganar kuɗi.

Wani zai ce, ƙarfe a cikin ƙashi, jiki ba zai tofar da shi ba? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta daga ƙafar zomo ta fito. A shekarun 1950 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, yana binciken yadda jini ke gudana a cikin ƙashi. Sai ya dasa wata 'yar na'ura mai jikin taitaniyam a ƙashin ƙafar zomo don ya riƙa leƙawa. Da ya gama bincike ya zo cire kayansa, na'ura ta ce ba inda za ta. Ƙashin ya tsiro ya manne da ƙarfen, sun zama abu guda. A 1965, a birnin Gotenbag, ya gwada abin a jikin ɗan'adam, wani mutum mai suna Gosta Larsson da ba shi da haƙora a muƙamuƙin ƙasa. Ƙusa 4 ya dasa masa. Mutumin nan ya rasu a 2006, bayan fiye da shekara 40, dashensa na nan daram a bakinsa. Duk da haka likitocin duniya ba su yi saurin gaskata Branemark ba, sai da aka yi wani taro a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982 ya baje sakamakon shekarun da ya yi yana bin marasa lafiyarsa, sannan aikin ya bazu.

Na kawo wannan tarihi ne don ku gane wanda ke yin ainihin aikin. Likita huda yake yi ya sa ƙusa. Riƙe ta kuwa aikin ƙashinka ne, shi kuma ƙashi ba a yi masa gaggawa. Duk wanda ya taɓa gini ya san in an zuba harsashi sai an bar siminti ya sha ruwa ya kama kafin a ɗora bulo. Haka abin yake a nan, sai dai kwanakin sun fi yawa: wata 3 zuwa 6. Muƙamuƙin ƙasa ƙashinsa ya fi tauri, yakan fi saurin kamawa. Na sama ya fi taushi, yakan fi jan lokaci. Saboda haka wanda ya shiga wannan hanya ya sa a ransa tafiya ce ta watanni, wani lokaci ma ta kusan shekara.

Ranar farko da ka je, ba abin da za a dasa maka. Tambayoyi za ka sha, kuma a ganina wannan zama ya fi ranar aikin muhimmanci. Malam, Hajiya, kada a ɓoye wa likita komai. Mai ciwon suga ana iya yi masa dashe, amma sai sugan ya daidaita, domin in yana sama rauni ba ya warkewa da wuri, ƙwayoyin cuta kuma sukan samu wurin zama. Mai hawan jini ya faɗa. Mai sikila ya faɗa. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin ya faɗa, kuma kada ya daina sha da kansa don ya ji an ce za a yi yanka, likitocinsa ne za su tsara yadda za a yi. Akwai magungunan ƙarfafa ƙashi da ake ba wasu iyayenmu mata da masu ciwon daji, irin su alendronate. Waɗannan na iya hana ƙashin muƙamuƙi warkewa bayan an taɓa shi, don haka ko an daɗe da daina sha, a ambata. Haka wanda aka taɓa gasa masa ciwon daji da haske a kai ko a wuya. Mai juna biyu a bari ta sauka. Yaro kuma ba a yi masa sai muƙamuƙinsa ya gama girma, wajen shekara 18 ko sama da haka, domin dashe ba ya tafiya tare da ƙashi mai girma, sai a wayi gari sauran haƙora sun yi gaba sun bar shi a baya.

Sai taba. A nan ba zan yi kwana-kwana ba. Sigari da shisha suna matse ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da dasashi da ƙashi. Bincike ya sha nuna cewa dashen mai shan taba ya kai kusan ninki biyu wajen yiwuwar lalacewa idan aka kwatanta da na wanda ba ya sha. In ka san ba za ka iya ajiye ta ba ko da na watannin warkewa ne, to ka yi tunani sosai kafin ka zuba kuɗinka.

Bayan tambayoyi sai duba baki. In akwai haƙori mai rami sai an cike shi, in dasashi na zubar da jini sai an wanke an yi magani, domin ƙwayoyin cutar da suka kayar da haƙorin farko ba za su ƙyale na biyu ba. Daga nan sai hoto. Hoton ƙashi na yau da kullum yana nuna tsayi, amma akwai na'urar da ke zagaya kai ta fito da muƙamuƙi ta kowace fuska, likita ya ga faɗinsa da zurfinsa a kwamfuta. Abu biyu yake gudu. A ƙasa akwai wata jijiya da ta ratsa cikin ƙashin, ita ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji. In ƙusa ta taɓa ta, leɓe na iya mutuwa na wani lokaci, ko ma ya daɗe a haka. A sama kuma, bisa turame, akwai kogon iska da ke gefen hanci, wanda ba a so ƙusa ta faɗa ciki. Likitan da ya ce zai dasa maka ba tare da hoto ba, ka yi masa godiya ka ɗauki takalmanka.

A wurin hoton nan ne mutane da yawa kan ji labarin da ba su zata ba: ƙashin bai isa ba. Dalili kuwa, ƙashin muƙamuƙi saiwar haƙori ce ke riƙe da shi a raye, taunar da ake yi ita ke motsa shi. Da zarar an cire haƙori sai ya fara janyewa, kuma cikin shekarar farko kaɗai faɗinsa na iya raguwa da kusan rabi. Shi ya sa za ka ga bakin tsohon da ya daɗe babu haƙora ya lotsa ciki. Wanda ya yi shekara 10 da giɓi ba ɗaya yake da wanda aka cire wa haƙori watan jiya ba.

Ƙarancin ƙashi ba ya nufin magana ta ƙare. Ana ƙara shi. Ana zuba wani gari mai kama da ƙashi a wurin, a lulluɓe shi da 'yar fata siririya, jiki ya bi ta cikinsa ya gina nasa. In a sama ne, akan ɗaga shimfiɗar kogon iskan nan a cusa garin a ƙarƙashinta. Wannan kan ƙara watanni a kan lissafi, ya kuma ƙara kuɗi. Ga wani abu da ba kowa ke faɗa maka ba sai ka tambaya: daga ina garin ya fito? Wani daga jikinka ake ɗebowa, wani daga ƙashin ɗan'adam da aka bayar aka tace, wani daga ƙashin saniya, wani kuma haɗi ne na masana'anta da babu dabba a cikinsa. Ita kuma 'yar fatar da ake rufawa, da yawa daga cikin waɗanda ke kasuwa daga jikin alade ake sarrafa su. Musulmin da wannan ya dama yana da haƙƙin ya tambaya tun kafin ranar aiki, domin akwai waɗanda ba na alade ba, kuma likita zai iya neman su in an gaya masa da wuri.

(GAJEREN KIƊA)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan dashen haƙori, kuma mun iso ranar da kowa ke tsoro.

Ka ci abincinka kafin ka fito, sai fa in an ce za a sa ka barci, wanda ba kasafai ake yi ba don haƙori ɗaya. Za a ba ka wani ruwan magani ka kurkure baki, a kwantar da kujera, a rufa maka ƙyalle mai tsabta, fitila na haska bakinka. Allurar kashe zafi ita ce abin da za ka ji, 'yar tsira da ɗan nauyi a dasashi. Bayan mintoci kaɗan leɓe zai yi maka nauyi kamar ba naka ba. Likita zai gwada wurin ya tambaye ka ko kana ji. In kana ji ka ce kana ji, ba wurin nuna jarumta ba ne. Daga nan ya tsaga dasashi kaɗan ya buɗe ƙashi, ya fara huda da siririn bakin injin, ya canja zuwa wanda ya ɗan fi shi kauri, ya sake canjawa, har ramin ya yi daidai da ƙusar. Za ka ji ƙara, za ka ji girgiza tana ratsa kanka, za ka ji ruwa mai sanyi mai ɗan gishiri na kwarara, mataimakiyar likita na zuƙe shi da bututu. Ruwan nan ba na wanki kaɗai ba ne. Ƙashi in ya ɗumama ya kai digiri 47 na tsawon minti 1, ƙwayoyinsa kan fara mutuwa, mataccen ƙashi kuwa ba ya riƙe ƙusa. Shi ya sa ake huda a hankali ana sanyaya wurin. A ƙarshe a murɗa ƙusar sannu a hankali, ka ji ana danna ka amma ba zafi, a rufe kanta, a yi ɗinki biyu ko uku. Haƙori ɗaya bai cika wuce awa 1 ba. Mutane da dama kan tashi daga kujerar suna cewa cire haƙori ya fi wannan wuya.

Wahalar, in akwai ta, a gida take jira. Za a ba ka auduga ka cije na kusan rabin awa don jini ya tsaya. In ka ga yawu ya yi ja-ja ranar farko, ba komai. Kunci zai kumbura, kuma kumburin yakan fi tsanani a kwana na 2 ko na 3 kafin ya fara saɓewa, don haka kada ka tashi da safe ka ga fuskarka a madubi ka ce aiki ya ɓaci. Ƙanƙara a cikin tsumma, a ɗora a kunci a riƙa ɗagawa, tana taimakawa a ranar farko. Farasitamol ko ibuprofen kan wadatar, amma mai gyambon ciki ya gaya wa likita kafin a rubuta masa na biyun. In an ba ka maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka sha shi yadda aka tsara. Shan magani a kan lokaci na cikin dalilan da suka sa ya fi sauƙi a sa ranar aiki kafin azumi ko bayan salla.

A awa 24 na farko ba a kurkurar baki da ƙarfi, ba a tofar da yawu da ƙarfi, ba a zuƙar abu da tsinke, don kada gudan jinin da ya toshe raunin ya fita. Wajen alwala a sa ruwan a hankali, a sunkuya a bar shi ya zubo da kansa. Daga rana ta biyu sai a fara ruwan ɗumi da ɗan gishiri bayan kowane cin abinci. Kada a sha kunu ko shayi mai zafi alhali leɓe bai farfaɗo ba, mutum na iya ƙonewa ko ya ciji kansa bai sani ba. Abinci mai taushi za a bi: koko da ya huce, fura da nono, faten dankali, ƙwai, ayaba, tuwo mai laushi da miyar da ba yaji. Ana cire zare bayan kwana 7 zuwa 14, wani zaren ma da kansa yake narkewa.

Akwai alamomin da ba a kwana da su. Jinin da ya ƙi tsayawa duk da cizon auduga, zazzaɓi, mugunya, ciwon da ke ƙaruwa bayan kwana 3 maimakon ya ragu, ko kumburin da ya gangaro wuya yana hana haɗiya. Sai kuma leɓe ko haɓar da suka kwana a mace bayan allura ta daɗe da sakin sauran wurare. Wannan na ƙarshen a kira likita a ranar, domin in ƙusar ce ke danne jijiya, saurin ɗaga ta shi ke ceton jin.

Sai zaman jira, wanda ba abin da za ka gani a cikinsa. Ciwo ya tafi, dasashi ya rufe, sai mutum ya ɗauka an gama. A nan ne ake ɓata aiki. Ƙusar da ake girgizawa kafin ƙashi ya kama ta, nama ne mai taushi zai kewaye ta maimakon ƙashi, ƙarshenta a cire a sake sabon lale. Saboda haka rake, goro, aya, kilishi, ƙashin kaza, duk su dakata, ko aƙalla a kai su ɗaya ɓangaren. In giɓin a gaba yake, ba za a bar ka kana rufe baki da hannu ba, akan yi maka haƙorin wucin gadi na rufin asiri. Za ku kuma ji ana tallan haƙori a rana ɗaya. Gaskiya ne ana yi wa wanda ƙashinsa ya yi ƙarfi ƙusar ta kama gam tun a ranar, sai dai abin da ake sa masa na wucin gadi ne, na murmushi, ba na gatsa nama ba. Watannin nan suna nan ba su ragu ba.

In lokaci ya cika likita ya tabbatar ƙusa ta kama, sauran aikin mai sauƙi ne. A buɗe kanta in an binne ta, a sa wani ɗan murfi na mako 2 ko makamancin haka don dasashi ya zagaye shi da kyau, a ɗauki awon baki, a zaɓi launin da ya dace da sauran haƙoranka. Mai cin goro ya lura: tangaran ba ya rina yadda haƙorin asali ke rina, don haka a wanke baki kafin a zaɓi launi. Ranar sawa za a ba ka wata 'yar takarda shuɗiya ka cije, inda ta bar tabo mai yawa a goge, har sabon haƙorin ya daina riga 'yan'uwansa sauka. Zai yi maka baƙunta na 'yan kwanaki. Kuma akwai bambanci guda da zai zauna har abada: haƙorin da aka haife ka da shi yana da wasu zarurruka tsakaninsa da ƙashi da ke sanar da kai in ka taka tsakuwa a shinkafa. Dashe ba shi da su, jinsa ya ragu, kana iya danna shi fiye da kima ba ka sani ba. Buɗe kwalbar lemo da haƙori dai ya ƙare.

Zai daɗe? Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna fiye da 9 cikin 10 suna nan suna aiki bayan shekara 10. Haƙorin saman yakan riga ƙusar gajiya, yana iya tsagewa ko ya sassauta a canja shi. Ƙarfe ba ya ruɓa, wannan gaskiya ne, amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da shi suna kamuwa da cuta in datti ya taru, kuma cutar ba ta cika zuwa da ciwo ba, sai ƙashi ya zaizaye kafin a farga. Buroshi mai taushi da man goge baki safe da dare, zaren sakace ko ɗan ƙaramin buroshin tsakanin haƙora, da komawa wurin likita duk wata 6 ko yadda ya tsara. Asuwaki na da amfaninsa, amma ba ya shiga lungun da ke ƙarƙashin wuyan dashe. In ka ga jini a wurin lokacin goge baki, ka je a duba.

Maganar kuɗi kuwa, dashe na da tsada, ya ninka haƙorin roba nesa ba kusa ba, kuma da yake kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. In an faɗa maka kuɗi, ka tambaya: na ƙusa ce kaɗai, ko har da wuya da haƙorin sama? Hoto fa? Ƙarin ƙashi fa? In bai kama ba, wa zai ɗauki nauyin sakewa? A rubuta maka a takarda. Wanda kuma aljihunsa bai kai ba, kada ya ga kamar an bar shi a baya. Gada ko haƙorin roba da aka yi da kyau sun fi dashen da aka yi a arha a hannun wanda bai ƙware ba. A Najeriya duk likitan haƙori na gaskiya yana da rajista da hukumar likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, kuma ba rashin kunya ba ne ka tambaye shi ko ya saba yin wannan aiki.

Masu zuwa Masar, Turkiyya, Indiya ko Dubai su sani tafiya ɗaya ba ta cika isa ba, sai an koma bayan watanni don sa haƙorin dindindin, kuɗin jirgi biyu ke nan. Kuma ko a gida aka yi ko a waje, kada ka bar asibitin sai an ba ka takarda mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera ƙusar, da lambarta, da girmanta, tare da hotunanka. Kamfanonin suna da yawa, kowanne da irin wuyansa da irin abin kwance shi. In bayan shekara 5 haƙorin ya sassauta kana Kano ko Maraɗi, likitan da zai ɗaure maka shi sai ya san na wane kamfani ne kafin ya nemo abin da zai shiga.

Lokaci ya cimma mu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)